Muryar Bayan Katanga

Dakta Jumare bai gama rufe ƙofar motarsa ba muryar ta sake tsallako katanga: "Ya Takruni!" Sai ɗan fito ya biyo baya, irin na wanda ya ci ya ƙoshi ba shi da aikin yi.

Tun da suka tare a gidan haya a unguwar Aƙiƙ ta Madina yake fama. Duk ranar da ya dawo da azahar daga jami'ar da yake koyarwa, da zarar ƙofar mota ta ce garam, sai maƙwabcin da bai taɓa gani ba ya jefo masa kalmar nan. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Matarsa Saudatu ta ce ya share. Ai a Madina duk baƙin mutumin da ya fito daga ƙasashenmu haka ake ce masa, har akwai 'yan ƙasa da sunan gidansu ke nan. Jumare ya ce ya sani. Amma ya san yadda take fita a bakin marasa kunya, ya kuma san a gida Zariya masu zaman ƙasar nan ba takarda ake ce wa 'yan takari. Har yau gwaggonninsa in sun bugo waya sai sun tambaya ko ana kame. Shi da iƙamarsa ta izinin zama, da digirinsa har uku!

Da yake malami ne, sai ya ɗauki abin jahilci, ya ƙudura gyara shi. Ya sha karatu, ya fito tsakar gida ya fuskanci katanga, ya gyara murya. Ya bayyana cewa Takrur tsohuwar daula ce a bakin kogin Senegal, mai sarakuna da fataucin zinare, wadda ta karɓi Musulunci tun da daɗewa. Ya fara da Larabci, da ransa ya ɓaci ya zarce da Hausa.

Daga can aka ce, "Ɗayyib, ɗayyib," wato to, da kyau.

Jumare ya shiga ɗaki yana hura hanci, ya shaida wa Saudatu ya wayar da kan mutum guda. Washegari ƙofar mota na cewa garam aka ce, "Ya Takruni!" Aka ɗora da tari irin na tsoho. Ga kuma ɓawon gyaɗa da Saudatu ke sharewa kullum a gindin katangar, wanda Jumare ya ce shi ne iyakar raini.

Daga nan ya ajiye tarihi. Kullum sai ya tsaya da jakarsa a hannu ya daka wa katanga tsawa: "Ka san ko ni wane ne?" Ba a taɓa ba shi amsa ba. Rannan zuciya ta ɗebe shi ya rantse da Allah, ko mai muryar nan ya ba shi haƙuri ido da ido, ko su bar gidan a ƙarshen wata.

Saudatu ta yi kuka, don tana son gidan. Shekara da shekaru tana maƙale a bene, sai yanzu ta sami tsakar gida, ramarta da zogalenta sun fara girma. Ta soma zuba kwanuka a kwali da ƙarar da ta fi ƙarfin kwanukan. Ran Juma'a da la'asar ta yafa abayarta, ta tasa mijinta gaba har ƙofar maƙwabci.

Wani dattijo ya buɗe, baƙi wuluk, ya fi Jumare duhu. Ya ce sunansa Abdulfattah, kakansa da ƙafa ya zo daga Katsina. Jumare ya zayyana ƙorafinsa tiryan-tiryan, har da rantsuwar.

"Ya Duktur, Takruni ai ni ne, ismin gidanmu ke nan. Duk abokin da ya buga mini ƙofa haka yake kira," in ji dattijon. "Amma wallahi daga asuba ina gonar dabinona a Awali, sai magariba, in ba Juma'a ba. Kuma ni kaɗai nake gidan nan."

Jumare ya ce to aljani ne ke nan yake zaginsa? Saudatu ta ce koma wane ne, Baba ya taimaka ya fito da shi, zamanta a gidan nan yana bakin mai muryar.

Dattijon ya fashe da dariya har ta sarƙe shi da tari. Jumare ya gane tarin nan sarai. Aka ce su shigo, aka ratsa da su tsakar gida zuwa wata bishiya da ta jingina da katangarsu.

"Tafaddal," in ji Abdulfattah yana share hawaye. "In ka iya sa shi ya ba ka haƙuri, har ni ka taimaka."

A cikin kejin da ke rataye a reshe, wani aku mai ruwan toka da jar wutsiya ya saki gyaɗar da ke bakinsa, ya karkata kai ya ƙare wa Jumare kallo, sannan ya ce da muryar Jumare sak: "Ka san ko ni wane ne?"