Na'urar Nayaret Ta Kama

"To ina rawar taurarin, Nayaret?" in ji Bastián daga bayan aji. "Ko yau hutu suke?"

Aji ya kwashe da dariya. Nayaret ta sunkuyar da kai kamar ta nutse. Ta daɗe tana cika baki cewa na'urarta mai madubai da ɗan siririn hasken leza za su kama rawar da sararin samaniya ke yi idan manyan taurari suka yi karo. Malam Aníbal ya ce hakan ba ya yiwuwa a kan tebur, ta ƙi ji. Yau ga alƙaliyar gasar kimiyya, Dokta Annelies, baƙuwa daga Holan, kuma wanda ya ci shi za a kai ganin babban madubin hangen taurari a hamadar Atacama.

Ɗigon hasken ko motsi bai yi ba. Can sai ya fara rawa a jikin bango.

"Ga shi! Na kama!" Ta daka tsalle, ta juya neman Dokta.

A ƙarƙashin tebur suka hango ta, ta rufe kai da hannuwa.

"Girgizar ƙasa ce! Ba ku ji ba?" in ji Dokta.

Malam Aníbal ya kalli fitilar da ke lilo, ya kurɓi shayinsa. "Wannan 'yar mitsitsiyar? Mu nan mun saba. Haba Dokta, fito."

Nayaret ta rufe fuska. Dokta ta rarrafo waje, ita ma ta kasa haɗa ido da kowa.

"Kaf ajin nan, ni da na'urarki kaɗai muka ji ta," in ji ta. "Je ki haɗa jaka, ke kika ci."