Sule Ɗaya a Wata

"Sule uku a wata," in ji Safiyatu, wadda ta shigo Birnin Gwari daga dajin Kamuku neman aikin reno.

"Sule biyu," Azumi matar malamin jangali ta ce. "Kuma Malam zai cire harajinki a ciki."

Yaron da za a ba ta reno ya tako ya kama zanen Safiyatu. Ta kau da kai.

"Ji min mace!" in ji Azumi. "Ko kallonsa ba ta yi ba. To sule ɗaya, in ba ki so ga hanya nan."

"Na yarda."

Bafulatana irin Safiyatu ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane. Wannan yaron kuwa shi ne ɗan nata, wanda aka karɓe mata jingina bara, ranar da jangali ya gagari mijinta.