Wandon Gwanjo

Umma ta juya wandon ciki-waje, ta kama ƙugunsa da hannu biyu ta ja. Zaren ya yi ƙara. Ta jefa shi kan tulin waɗanda ta riga ta ƙi, ba ta ko kalli mai shagon ba.

Ɗinki ne sana'arta tun kafin ta haifi yaron da ke tsaye a bayanta, don haka ba a yi mata rufa-ido da yadi. Auta kuwa duk ya ƙosa. Gobe zai fara aikin kai saƙo a kan babur, shi a ganinsa kowane jins ma wando ne. Ita ce ta rantse ba zai hau ba sai da kayan kariya, ko da na gwanjo ne, tunda sababbin sun fi ƙarfinsu.

Abin da ake dubawa, babban ɗanta ne ya koya mata, wanda kowa a gidan ke kira Yaya. Shi ya fara wannan aikin, kafin ya koma wani gari mai nisa inda aka ce an fi samu. Ranar da ya sayo nasa wandon ya baje mata shi a kan keken ɗinki. Ya nuna mata shafin ciki mai ruwan ɗorawa, wanda kwalta ba ta saurin cinyewa, da aljihunan da ake cusa roba mai tauri a gwiwa da ƙugu. Ya ce in roba ba ta zauna daidai kan gwiwa ba, ado ce kawai. Duk wandon da Yaya ya taɓa sawa sai ya bi ta ƙarƙashin allurarta, wannan ma bai tsira ba. Allura ya karya mata, zare ya yanke, ta ƙarasa da ragowar zaren kayan 'yan makaranta, shi kuma yana ta tsokanarta.

Makonni ke nan wayarsa a kashe. Auta ya ce halinsa ne, ko ya yar da wayar ko ya yi budurwa. Umma takan yi dariyar yaƙe, amma kullum da yamma sai ta leƙa bakin layi, ko za ta hango tafiyar nan tasa ta rangaji, wadda ya samu tun da ya faɗo daga katanga yana ƙarami. Tsoro take ji, kuma tsoron ne ya kawo ta wannan shago mai warin kanfo da tsohon gumi. Ɗaya ya yi nisa, ba ta da iko da shi. Wannan na gabanta dai ba za ta miƙa wa titi shi tsirara ba.

Mai shagon ya ga yau ya haɗu da gamonsa. Ya duƙa ƙarƙashin tebur ya zaro wani baƙin wando mai nauyi, wanda wanki ya ɗan koɗar.

"Mama, tsohuwar zuma da ita ake magani. Ja wannan mu gani."

Ta ja, ko gezau. Ta leƙa ciki, ga shafin, ga robobin duk a mazauninsu. A cinyar dama akwai wata doguwar gurzura inda yadin ya yi sheƙi, amma bai huje ba. Karon farko tun shigowarsu fuskarta ta saki.

"Irin na Yayanka ne," ta ce da Auta.

Mai shagon ya samu ƙofa, bakinsa ya buɗe. Wannan ai an gwada shi, in ji shi. Tirela ce ta ture mai shi, ya yi ta gurzuwa a kan kwalta, ga shi wando ko yagewa bai yi ba.

"Shi mai wandon fa?" Auta ya tambaya.

Mutumin ya sosa ƙeya, ya rage murya. Wando ai ba ya kare kai. Akwai wani mai kawo masa kaya daga garuruwa, yana da hanya da masu aikin mutuware. Gawar da aka gaji da ajiya ba wanda ya zo nema, hukuma ta binne, kayanta kuma su san inda dare ya yi musu.

Umma ta saki wandon kamar ta taɓa garwashi. Ɗanta ba zai sa kayan mamaci ba. Ta sake bin tulin ɗaya bayan ɗaya, wannan shafinsa na ƙarya, wancan babu roba, wani ɗinkinsa ko tsallen kwata ba zai jure ba. Ta dawo kan baƙin wandon ta tsaya, ranta a jagule. Mamaci ba ya bukatarsa, mai rai kuwa gobe zai hau titi.

"Allah Ya jiƙan mai shi," ta ce a hankali. "Allah Ya ba uwarsa haƙuri. Shiga ka gwada."

Auta ya shige bayan labule, ya fito yana buga gwiwoyinsa da tafin hannu. Ƙugu ya zauna, robobi sun hau daidai. Sai ya dubi ƙafafunsa ya kwashe da dariya.

"Umma, telan nan a buge yake? Dubi, ƙafar hagu ta fi gajarta."

"Tsaya in gani, in akwai yadi a ciki sai in sake maka."

Ta durƙusa a gabansa, ta kama bakin ƙafar ta naɗe sama. Hannunta ya tsaya cak. Mai shagon yana ta surutu a kan hular kwano, ita ba ta jin komai.

Kalmasar da koren zaren kayan 'yan makaranta aka yi ta, ɗinkin hannunta, a ƙafar da ta saba rage wa Yaya tun ranar da ya faɗo daga katanga.