Yarinyar Bakin Taga

Malam Uwaisu ya goge allo, duk da babu komai a kansa. Ya ajiye tsumman, ya ɗauki alli, ya sake ajiyewa. 'Yan aji biyu na ƙaramar sakandaren da ke bayan Gazara suka zuba masa ido, babu mai ko tari.

Juma'a ce, kuma kowa ya san abin da ake yi ran Juma'a a darasin Hausa. Malam zai zaɓi insha'in da ya fi kyau a makon, ya tsaya gaban aji ya kira sunan mai shi da ƙarfi, a tafa, sannan ya karanta. Ko biro ba a bayarwa, amma yaran sun ɗauki abin kamar kujerar Makka.

Kusan kowa an taɓa kiran sunansa. Har Saminu, mai cika shafi guda babu aya ko ɗaya kamar wanda kare ya biyo, ya samu nasa rabon. Mutum ɗaya ce ba a taɓa kira ba, kuma ita ta fi su duka iya rubutu.

A bakin taga take zama. Kakarta ke riƙonta, kullum hijabinta na ƙamshin hayaƙin mazarƙwaila. Malam bai taɓa kiran ta da suna ba. "Ke ta bakin taga," zai ce, ko "waccan." In ta ɗaga hannu, sai idonsa ya faɗa kan hannun wani. Littafinta kuwa shi ya fi shan jan biro, ko lanƙwasar ƙ ta manta sai ya zagaye wurin. Sau ɗaya ta tsaya bayan an tashi, kanta a ƙasa, ta ce, "Malam, yaushe za a karanta nawa?"

"Wani makon," ya ce, yana tattara takardu.

Kafin wani makon zazzaɓi ya kwantar da ita. Bai ɗauki lokaci ba. Aka kai ta makwancinta, aka yi sadakar uku, makaranta ta ci gaba da buga ƙararrawa kamar kullum.

Madam Judith, malamar Turancin da aka turo daga Kafanchan farkon zangon nan, ta yi tafiya lokacin da abin ya faru. Da safen nan ta dawo, a bakin ƙofa ta ji cewa yarinyar bakin taga ta rasu. Ajinta na jikin na Malam Uwaisu, bangon da ya raba su kuma bai kai rufi ba, don haka duk abin da ake faɗa a can tana ji. Ta daɗe tana haɗiye maganar yadda yake yi wa yarinyar. Da ta shiga ofishin malamai ta tarar ana ta riƙe hannun Malam Uwaisu ana jan gaisuwa, sai ta ce a ranta, to, ai shi ne malamin ajinsu.

Ita ma ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta kasa haƙuri.

"Malam, ka gafarce ni, amma sai na faɗa. Duk zangon nan ban taɓa jin ka yabi yarinyar nan ba. Ko sunanta ban ga alamar ka sani ba. Yau ko don 'yan ajin, ka karanta nata."

Wani malami ya koma kallon takalminsa.

"To, Madam," in ji Malam Uwaisu.

Bai ji haushi ba. Gaskiyar magana, ba ya jin komai kwanakin nan. In an ajiye masa abinci ya ci, in an gaishe shi ya amsa, in an tayar da salla ya bi sahu.

Yanzu ga shi gaban aji. Bai taɓa tarin littattafan da ke kan tebur ba. Daga aljihun gaban rigarsa ya zaro takardar, ta yi laushi saboda naɗewa da warwarewa. Insha'inta na ƙarshe ne, a kan yadda ake yin mazarƙwaila a gidan kakarta, tun daga matse rake har ruwan ya yi kauri a kasko, har ƙudan zuman da ke hana mutum sakat. Babu jan biro a jiki. Ya nemi kuskure iya nemansa bai samu ba.

Madam Judith ta bar ajinta ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ta harɗe hannu. Yaran suka gyara zama suna jiran abin da ake farawa da shi. A bencin bakin taga, sauran 'yan matan sun matse wuri guda sun bar mata gurbinta.

Ya ɗaga takardar.

"Zulai," ya ce.

Babu wanda ya tafa. Sunan ya fito masa baƙo a harshe, don a gidansu namiji ba ya kiran sunan 'yarsa ta fari, kuma rabonsa da furta shi tun ranar da ya yi mata huɗuba a kunne.