Bakaniken da Bai Taɓa Tashi Ba

Ajiye sandar nan ka zauna, ɗana. Sati biyu da kwance maka ɗorin karaya ka ce sai ka taka har kasuwa, ga ƙafa nan ta sake kumbura. Yau ba faɗa zan yi maka ba. Misali zan ba ka, ka riƙe shi da kyau.

An yi wani bakanike da ya shekara talatin yana gyaran jiragen soja. Daga kukan inji yake gane abin da ke damunsa, amma ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba. Nasa dai ya ɗaure noti, ya goge hannu, ya koma gefe yana kallon wasu suna tashi. Bayan ya ajiye aiki sai ciwon ido ya kama shi, irin wanda ke cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Likita ya ce da wuya ganin ya kai damina mai zuwa. Buri ɗaya ya rage masa: ya ɗaga jirgi da hannunsa, ya ga ƙasa tana nisa a ƙarƙashinsa, kafin duhu ya rufe. 'Yarsa ta ji tausayinsa, ta kafa masa na'urar koyon tuƙin jirgi a falo: allon kwamfuta, sandar tuƙi, totur na ba inji wuta, da feda biyu na ƙafa. Ya zaɓi tsohon jirgin yaƙi mai farfela ɗaya a hanci. To, irin wannan jirgi yana da hali. Dogon hancinsa yana tare gaba, sai dai matuƙi ya riƙa duban gefen titin tashi, gefen da shi kuma idonsa ya fara rasawa. Sannan in aka ba shi wuta gaba ɗaya, ƙarfin farfela sai ya fizge shi hagu. Bawan Allah ya san duk wannan sarai. Amma da ya zauna sai ya tuna maganar likita, ya danna totur har ƙarshe, jirgi ya zabura, ya karkace, ya bar titi, fiffike ya caki ciyawa. Ya sake, haka. Kwana goma sha tara yana yi, kowace faɗuwa tana ƙara masa gaggawa, har ya daina cin abincin kirki. Kullum da safe ya rufe ido ɗaya ya auna abin da ya rage masa.

Rana ta ashirin matarsa na zaune tana gyaran zogale, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ba kai ne kake dawowa gida kana mitar matuƙan da ke firgita maka inji ba?" Ya saki totur, ya ɗora hannunsa a kan gwiwa. Sannan ya sake kama totur, ya tura kaɗan, kamar mai ƙara wa tukunya itace ɗaya-ɗaya. Jirgi ya fara gangarawa. Da ya ji yana neman hagu sai ya taka fedar dama a hankali, bai yi kokawa da shi ba. Yana juya kansa gaba ɗaya don ya ga bakin titi, dama, hagu, dama. Ya ƙara wuta. Wutsiya ta ɗaga, hanci ya sauko, titi ya buɗe a gabansa ɗoɗar. Nan ma bai fizgi sanda ba, ya jira har jirgin da kansa ya yi sauƙi a hannunsa. Ƙarar tayoyi ta ɗauke. Gonaki suka ƙanƙance, kogi ya koma kamar zare. Sai ya cire tabaraunsa ya goge, ya mayar da sauri don kada wani abu ya wuce shi. Tashin duka bai kai minti ɗaya ba. Kwana goma sha tara na ganinsa ya ɓatar kafin ya yarda ya ba shi wannan minti.

Ba na ganin laifinsa, wanda ake ƙirga wa kwanaki dole zuciyarsa ta yi gudu. Kai ma na san zaman ne ya ishe ka. Amma gobe iyakarka bakin zaure, jibi gindin dalbejiya. Kasuwa tana nan. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, sauri ya haifi nawa.