Ciwon Ya Sake Hanya

Furera ta kasa zama a bencin asibitin Idi-Araba. Ta tashi, ta leƙa ƙofar likita, ta dawo, ta sake tashi. Mijinta Badaru kuwa na can gefe, shi kaɗai ne namiji cikin mata wajen talatin, ya ƙura wa takalminsa ido.

Matan layi sai yaba shi suke yi. Wata ta ce nata mijin ko bakin get bai taɓa rako ta ba. Furera ta yi murmushin yaƙe kawai.

A gidan hayarsu na Agege ma zancen ke nan. Kowa zai gaya maka sankarar nono ce ke cin Furera, ai ga ta nan ta rame ta lalace. Ita ba ta taɓa musa wa kowa ba. Makon da soja suka miƙa mulki aka yi aikin, aka cire nonon hagu. Tun lokacin Badaru ya bar dako a kasuwar Mile 12, ya koma kasa albasa a tire. Abokan dakonsa suka yi ta masa tsiya, wai jinyar mace ta mai da ƙato ɗan talla. Ya shanye.

Shekara biyu cur, kowace safiya Furera na ajiye maganin sha kusa da kofin koko, ba fashi. To ga shi wani ƙullutu ya sake tsirowa gefen ɗinkin, mai tauri kamar goro. Makon jiya aka yanki kaɗan don gwaji. Kuma a hanyar zuwa, cikin motar haya ta danfo, Badaru ya yanke magana: in sakamakon bai yi kyau ba, su tattara su koma ƙauye wajen mai maganin gargajiya. Furera ta san mutum biyu da suka tafi haka, ba wanda ya dawo.

Aka kira su. Likitar Bayarabiya ce. Furera haifaffiyar Agege ce, Yarabanci a bakinta kamar ruwa, shi kuwa Badaru shekara goma a Legas bai wuce "oga" da farashin albasa ba. Don haka likitar ta juya ga Furera.

Ta ce laifin ba na kowa ba ne. Ƙwayoyin ciwon saƙo suke karɓa daga wani sinadarin jiki, mai ce musu su hayayyafa, kuma ta ƙofa ɗaya yake shiga. Maganin ya toshe wannan ƙofar. To ƙwayoyin nan shegun wayo ne da su: sun buɗe wata, saƙon na wucewa hannu da hannu a cikinsu, yadda direban danfo ke kurɗawa ta Isolo in Oshodi ta cushe. Maganin bai da sauran amfani. Allura ce kawai ta rage, mai sa amai, mai zubar da gashi, kuma babu alkawari.

Badaru ya tambaya me aka ce. Da Furera ta so sai ta ce komai lafiya, wa zai ƙaryata ta? Amma ta gaji da ƙarya, wallahi ta gaji. Ta fassara masa duka, ba ta rage komai ba.

Ya ce, "Ke nan asiri zai tonu."

"Ya tonu, Baban Nazifa. Na fi tsoron kabari a kan bakin mutane. Don Allah kada mu tafi ƙauye."

Ya share fuska da hula, ya gyaɗa kai. Likitar ta ce bari ta sake duba wurin kafin a sa ranar allura.

Furera ta ja labule, ta shiga ɓalle masa maɓallan riga, don hannunsa na hagu bai ƙara ɗaguwa sosai ba tun ranar da aka cire masa nonon.