Harawar Cecilia

Ina neman afuwar mai karatu bisa raunin rubutuna, domin da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci. Inda na yi kuskure, a daure a gyara mini.

A damina ta uku bayan rasuwar mijinta, Cecilia ta tsaya a gonarta da ke kan hanyar Zungur tana duban waken harawa yana yin rawaya. Da harawar nan take ciyar da awakinta tara, ragowar kuma ta kai Kasuwar Muda Lawal da rani. Ba ta da wani abin dogaro bayan wannan.

Ba a rasa mai tausayinta ba. Irmiya, maƙwabcinta a gona kuma ɗan cocinsu, yakan zo duk Asabar da fartanyarsa a naɗe cikin buhu, ya yi mata noma, ko ruwa ba ya yarda ya sha. Haka yake yi wa duk masu noman harawa a wannan fadamar.

"Mama, aikin Ubangiji ne," in ji shi.

Ganye ya ci gaba da yanƙwanewa. Ƙwarin darɓa suka sauka, kara ya soma ruɓewa daga tushe. Ta fesa magani sau uku a banza. Gonakin maƙwabta ma suka bi sahu, sai ta Irmiya kaɗai ta tsira, mutane suka ce ladan kirkinsa ne. Da rani ya yi, awaki suka rame, ta sayar masa da bakwai.

Sai ta tumɓuke tushe ɗaya da ya rage a gonar ta kai wa Malam Abdulsalam, malamin gona. Ya nuna mata ƙululai a jikin saiwar.

"Tsutsa ce da ido ba ya gani. Ita take huda saiwa, sannan ruɓa da ƙwari su sami ƙofa. Ba ta tafiya mai nisa da kanta, ƙasar da ta manne a fartanya take bi. Shekaru uku da suka wuce na bayyana wa wakilinku wannan a taron manoma."

Hankalinta ya tashi, ba don kanta ba. Mutumin da ya shekara uku yana saran ƙasarta mai cuta zai kwashe ta zuwa gonarsa! Ko gida ba ta biya ba, ta wuce gidansa. Ta tarar ya tafi kasuwa da harawa, sai matarsa Mary tana tankaɗe.

"Mary, ki gaya wa maigida ya wanke fartanyar nan kafin ya shiga gonarku da ita."

Mary ta yi dariya.

"Ta cikin buhu? Haba Mama, ai wannan ta taimakon mutane ce. Tun da ya dawo daga taron manoma yake kwantar da ita cikin wata ƙasa da ya ɗebo, ya kuma rantse zai karya hannun duk wanda ya kusanci gonarmu da ita."